Taswirar Gundumarmu

Malam ya ce, zana mana gundumarku,
arewa a sama, kogi da shuɗi.
Na kai wa Iya Tabawa takardar tana wanke gero.

Ta ce, layin nan naka ƙarya yake.
Kogin nan bai taɓa kwana wuri ɗaya ba.
Shekarar da aka haifi ubanka
ya bi ta bayan kukar Ɗan'azumi,
ya cinye rumbu bakwai,
ya bar mana tarwaɗa a masallaci.
Da suka datse shi can sama
sai kacala ta gaje makwancinsa,
jan-baki suka gaje shinkafa.

Ina jigawar da muke hawa
mu hango hayaƙin Haɗeja?
Ina rijiyar fatake mai ɗanɗanon kanwa?
Kufan maƙera fa?
Na ce, ba sa cikin littafi.

Ta tsoma yatsa a ƙasari,
ta ja shi bisa daɓe, yana lanƙwasa.
Kafin in gama kwafa ya bushe.

Huɗu bisa goma na samu.
Malam ya rubuta da jan biro:
kogi ba ya tafiya haka.