Shafi na Casa'in da Biyu

A Katako na saye shi, a ƙasa,
tsakanin matacciyar fanka da tulin kusoshi.
Ba bango, ba sunan mai shi.
Gara ta cinye shafi bakwai na farko,
ta bar mini saura.
Dala sittin, in ji Tankari. Hamsin na ba shi.

Da dare wuta ta ɗauke a Bukoki,
na kunna tocila, na cije ta da haƙora.
Labarin wani Nasara ne mai hular kwano
da ya ratsa ƙasa irin tamu
neman ƙaro da gashin jimina,
da duk abin da ba ubansa ya ajiye ba.
Mutum arba'in na biye da shi, kaya a ka.

Marubucin gwani ne, ban hana masa ba.
Ya san yadda rana ke zama a kan dutse,
ya san ƙishirwa kamar sun yi zaman gida ɗaya.
Shafi uku ya yi yana makokin butar shayi,
ta tangaran, wadda uwarsa ta ba shi,
da ta suɓuce a bakin rijiya.
Wallahi na tausaya masa.

Sai can ƙasan shafi na casa'in da biyu,
layi guda, siriri kamar zaren gizo:
da safe mun rasa ɗan dako ɗaya,
aka raba kayansa, muka tashi.

Shi ke nan.
Buta ta ci shafi uku.

Na cire tocila daga bakina.
Kakata Sahiya ta faɗo mini, can Tawa,
da ƙotar hauyar da take ɓoyo ƙarƙashin gado.
Ta ƙanenta ce, Nomau.
Shekarar da gardi suka zo ƙidayar wuyaye
ya bar fura a ƙwarya, ya ce a rufe masa.
Har ta rasu, in an dama,
sai ta ɗan kalli ƙofa.

Ban ce shi ne ba.
Wannan ƙagagge ne, wancan kuwa jinina.
Duk da haka na ɗauki biro
na rubuta a gefen layin: Nomau ɗan Arzika,
mai wushirya, mai tsoron kunama,
bai iya waƙa ba, amma ba ya fasawa.
Na kwanta ina jin na rama wa wani.

Gari ya waye, gini na jirana.
Buhu shida na siminti daga Katako,
wani yaro ya ɗora a kura, ya tura,
jijiyar wuyansa kamar igiyar guga.
Ni ina gaba, ina waya.
A hawan nan na kusa da gidan mai
buhu ɗaya ya zame, bakinsa ya yage,
abin da ya zube bai cika tiya ba.

A ƙofar gida na zabge masa dala ashirin.
Na yi masa wa'azin amana a kai, kyauta.
Bai ce uffan ba.
Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa,
ya share fuska da gefen riga, ya juya kura.

Sai da na shiga ɗaki na gan shi kan tabarma,
a buɗe, inda na bar shi,
rubutuna na jiya yana kallona.

Da la'asar na koma, kuɗin a tafin hannu.
Yara masu kura sun fi arba'in,
siminti ya mai da su fari ɗaya.
Tankari ya ce, wanne daga ciki?
Yaya sunansa?

Na buɗe baki.
Shekara talatin ina koyar da karatu a Yamai.