Kafin Faɗuwa

Tun ranar da ya zube a ɗakin girki
bakin Fasto Torquil ya karkace hagu.
Kalmomi suka watse masa
kamar kifayen da suka ga inuwar kwalekwale.
Sunan shayi ya ƙi fitowa.
Sunan Morven ma, jikarsa,
sai ya maƙale a wuya kamar ƙaya.

Likitar magana daga Stornoway ta bar katuna:
hoton kofi, hoton kyanwa, hoton ƙofa.
Ya ture su da hannun da ya rage masa,
ya nuna kanta, baƙin littafin can na ƙurya,
shafin da yatsansa ya daɗe da yi wa tabo.

Supralapsarian.

"Kaka, wannan ai jirgin ƙasa ne!"
Ta ƙirga taragun a yatsu:
su, pra, lap, se, ri, yan. Shida.
Ya buga tebur a kan na huɗu,
nan murya ke sauke kayanta.

A gefen shafin, da tawadar da ta koɗe,
ya taɓa fede kalmar yana ɗalibi:
supra, sama, gaba da;
laps, zamewa, faɗuwa;
jelar kuwa, mai riƙe da wannan ra'ayi,
cewa Allah ya zaɓi nasa
tun kafin a hukunta faɗuwar Adamu.
Shekara arba'in yana gardama a kanta,
har ya ɓata da amininsa.

Iska tana dukan taga, tumaki na kuka a tudu.
Su, ya fito da sauƙi, kamar hura miya.
Pra ta ci kwana uku.
A kan lap ya tsaya cak.
Leɓɓa su rufe, su ƙi buɗewa,
yawu ya gangaro, Morven ta goge,
a sake komawa farko.
Mako biyu yana faɗuwa a wuri ɗaya.

Ran wata Talata da ruwa ke tsuga
ya ƙetare.
Ya ja taragun shida har tasha,
a karkace, da ɗingishi, amma babu wanda ya ɓalle.

Sai ya dubi kofi. Ya buɗe baki.
Shiru.
Rabin fuskarsa ya yi dariya,
ɗaya rabin yana kallo.

Bai lura ba, kofin cike yake.
Ta riga ta zuba masa
tun kafin ya nema.