Kwalaben Alojzy

Shekara talatin da ɗaya ina gadin tukunyar nan,
doguwa, kwance, kamar jirgin ƙasan da ya fasa tafiya.
Yashi daga gaɓar Wisla, farar ƙasa daga duwatsun Kielce,
ruwa, matsi, tururi.
Iyakar ilimina ke nan,
ya kuwa ishe ni burodi da miyar kabeji.

Sai ga Jagoda daga jami'a,
hular kwano ta fi kanta girma,
ta dire buhu uku a gabana.
Na kwance bakin ɗaya: gari ne, yana ƙifta mini ido.
"Kwalabe ne, Baba Czesław, niƙaƙƙu.
Cikin awo goma na yashi, ɗebe ɗaya, zuba wannan."
Na ce, "Yarinya, abin da ke tarwatsewa a hannun mashayi
shi zai ɗauki rufin gida?"
Ta ce, "Gilashi ai yashi ne da ya sha wuta.
Gida zai koma wurin danginsa."

Ban gaya mata na riga ta sanin kwalba ba.
Alojzy, mahaifina, ya bar mini gado a bayan rumfar itace:
ɗari huɗu da sha biyu, na ƙirga ranar da muka binne shi,
ban da wadda ya jefi bango da ita
ta bar mini sa hannunsa a saman gira.

Daren farko farar ƙasa ta sha ruwa, ta yi huci kamar mai fushi.
Inji ya danne, bulo ya fito ɗanye, in ka taɓa ya marmashe.
Muka tura kekunan ciki, na datse ƙofa,
allura ta hau, ta hau, ta tsaya a sha shida.
Awa takwas.
A waje dusar ƙanƙara tana binne keken Jagoda,
ita kuwa tana gyangyaɗi a kan littafinta,
shayina ya huce ban sha ba.

Da asuba suka fito a tsattsage.
Ban yi dariya ba, ko da yake na shirya ta tun jiya.
"Niƙan bai yi laushi ba," in ji ta, tana share hanci.
Na biyu ma haka.
A mako na uku ta sa guda a ƙarƙashin ƙarfen gwaji,
ƙarfe ya yi nishi, ya ƙara nishi,
bulo ya ce ban san zancen ba.

Ran Asabar na ari motar Bronisław maƙwabcina.
Duk ramin da muka faɗa, gadona sai ya yi kuka a baya,
irin kukan da nake ji ta bango ina ɗan shekara tara.
Na tambayi mai injin niƙa ko za a ware kore da ruwan ƙasa.
Ya ce inji ba ya tambayar abin da kwalba ta taɓa ɗauka.
Minti shida.

An ce tirelar da ta kwashi bulon makon nan
ta nufi wani gini a Radom, ko makaranta, ko asibiti,
ban bi sawu ba.
Wani wuri dai akwai bangon da ke tare wa yara iska,
Alojzy na ciki, a tsaye kyam,
abin da bai taɓa iyawa ba bayan ƙarfe shida na yamma.

Guda ɗaya na ɓoye a jakar abincina.
Yana kan taga, fari, ba nauyin kirki.
Jikata Lidka ta ɗaga shi da hannu biyu tana kallon rana:
"Kaka, in gilashi ne, me ya sa ba na ganin waje?"
Na ce ta ɗan juya shi.
Ta juya.
Wani ɗigo kore ya yi wal, ya ɓace.