Tikitin Dala Goma

Shekara ashirin da uku ina yaga tikiti
a kasuwar Maradi, ƙofar 'yan gyaɗa.
Ina gane nauyin buhu daga tafiyar jaki.
Tsahara mai kopto, dala goma.
Rabe mai facin taya, dala ashirin.
Ba wanda ya taɓa ɓoye mini sana'arsa,
don tebur ba ya shiga aljihu.

Sai ga ɗan cikina, Inusa,
zaune a zaure, can Bagalam,
ba rumfa, ba sikeli, ba mudu,
yana zana tambarin shaguna
ga mutanen da bai taɓa shan hannu da su ba.
Tsakar dare wayar ta yi ƙyas,
ya ce, Baba, kirifto ya shigo.
Na ce miƙo in gani.
Ya miƙo mini lambobi.

Na so in ce iska ce.
Amma iskar nan ta sauya kwanon ɗakin uwarsa,
ta ajiye buhu biyu na hatsi kafin bazara,
ta biya wa ƙanwarsa kuɗin lakkal.
Abin da ya cika rumbu, wa zai kira shi iska?

To, akwai lanho a kansa?

Inusa ya yi dariya har da riƙe ciki.
Baba, kuɗin nan ba su da ƙasa,
ba hatimin kowa a jikinsu,
ba su tsaya a duwan ba, ba su gaida soja ba.
Na ce, kai fa?
Kai kana da ƙasa, a nan aka binne cibiyarka.
Kwaltar da kabu-kabu ke bi da kai wurin mai canji,
daga sama ta faɗo?
Ya ce, wace kwaltar, Baba, mai ramukan?
Na yi shiru. Ramukan na nan, ni ma ina faɗawa.

Na kai maganar buro.
Shugabana ya lashi yatsa, ya buɗe kundi:
shago na nan, haya na nan, mota, dabba.
Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.
Ya ce, a ganina samu samu ne,
ko ta wace ƙofa ya shigo gida,
sai dai ban ga layin da zan rubuta shi ba.
Dawo jibi.
Jibin nan yau wata uku.

Ana haka, wata Talata,
yaron ya fito ido ja, bai taɓa koko ba.
Abin da ya kwana jikka ɗari huɗu
ya wayi gari ɗari biyu da 'yan kai.
Ba ɓarawo, ba gobara, ba gara.
Ya ce, to Baba, mai ƙirga,
wanne za ka ƙirga, na jiya ko na yau?
Na tuna tumatirin Tsahara da ke ruɓewa da la'asar,
ban taɓa mayar mata da dala goman safe ba.
Ban faɗa masa ba. Na tura masa kokon.

Da sefa dai ake cefane.
Ran da ya canza, ya damƙa mini jikka biyar
masu laushi, masu warin hannun mutane.
Na juya su gaba da baya,
ban ga inda aka rubuta asalinsu ba.

Washegari na tsaya gaban Tsahara.
Ta fara kwance bakin zane,
ƙulli ɗaya, ƙulli biyu, yatsun na rawa,
ko kwano ɗaya ba ta sayar ba.
Na ce bari, an biya miki.
Ta ce wa?
Na ce wani yaro, ba ki san shi ba.

Na yaga tikitin, na sa hannu a aljihu,
na zuba dala goman Inusa a jakar hukuma.
Da yamma aka ƙirga, lissafi ya cika cif.
Shugabana ya buga hatimi,
bai tambaye ni layi ba.