Ƙidayar Asuba a Yelwa

Ubana Basarke ne, kwale-kwale gadonsa,
bai taɓa ciyar da kifi ba, kogi ke ciyar masa.
Ni na gina kwami uku a bayan gida,
na zuba tarwaɗa dubu biyu, na ce arziki ya zauna,
na manta ruwan da ba ya tafiya ba ya mantuwa.

Ran Talata suka ƙi abinci.
Na watsa, ya yi ta yawo a sama har ya jiƙe ya nutse.
Wasu na goga jiki da siminti kamar masu ƙazwa,
wasu sun tsaya cak, kai sama, wutsiya ƙasa,
turaku ne aka kafa a cikin ruwa.

Na kamo guda. Santsin nan nata ya tafi.
Fararen ɗige-ɗige kamar an barbaɗa gishiri,
gashin baki ya gutsure,
gyambo ja a gefen ciki.
Na ɗaga murfin kunne:
inda na saba ganin ja wur, ya koɗe, ya soma ruɓewa.

Tunau ke ƙidaya da asuba, da fitilar waya.
Sha ɗaya.
Talatin da bakwai.
Jiya ɗari ba biyu.
Yau bai faɗa ba, ya dire bokiti,
ya tafi makaranta ba karyawa.

Kowa likita ne a bakin kwamin wani.
Barmo ya ce a daka shuwaka,
mai shayi ya ce a fasa kafso hamsin.
Ige mai banda ta zo da daro, ta yi ƙasa da murya:
"Hayaƙi ba ya tona asiri.
Ba ni su rabin kuɗi in kai kasuwa."

Bashin abinci buhu tara ke kaina.
Na dubi daron, na daɗe ina duba.
Sai na ɗauki shebur,
na haƙa musu rami a gindin dorawa.

Malama Hajo ta ofishin dabbobi
ta kankaro yauƙin bayan kifi a kan gilashi,
ta sa a madubinta, ta ce in leƙa.
Ga su nan, ƙanana, suna juyi kamar faifai.
"Waɗannan ke huda fata," in ji ta,
"ƙwayar cuta ta tarar da ƙofa a buɗe."
Ta shinshina ruwan, ta dube ni:
"Cunkoso, da ragowar abinci,
da koma ɗaya da kake tsomawa ko'ina ba wankewa."

Gishiri da awo. Sabon ruwa. Azumin kwana biyu.
Masu gyambo a ware su gefe.

Daren nan ina zaune, injin ban-ruwa na tari.
Can ƙasa kogin ubana na wucewa abinsa.
Ban san nawa Tunau zai samu gobe ba.
Amma ɗazu, a kwami na biyu,
wata ta daki ruwa da wutsiya, fal,
irin dukan mai jin yunwa.