Mai Hura Wuta

Sunana Ottokar Wendt, aikina gawayi.
Kafin gari ya waye nake shiga ta ƙofar baya
in hura murhun babban zaure,
inda mutum huɗu da suka ci mu da yaƙi
ke zama a kan Berlin
kamar mafarauta a kan giwar da ta faɗi.

Ba na jin Rashanci, ba na jin Turanci.
Amma mai hura wuta ya san ɗumi, ya san sanyi.

Hunturun farko
Kanar Tverdov kan zo da busasshen kifi a naɗe cikin jarida,
Manjo Brandvold ya zo da gwangwanin gahawa.
Su yi musaya, su yi ta dariya har da dukan tebur.
Akwai wani hoto da suke miƙa wa juna:
su biyu kan karyayyiyar gada a kogin Elbe,
rungume da juna, hular wannan a kan wancan.
Ranar har ni na samu ɓarin burodi.
Na kai wa matata, ta ce, “Ashe su ma mutane ne.”

Hunturu na biyu aka shimfiɗa taswira.
Jan fensir a hannun dama, shuɗi a na hagu.
Ina durƙushe ina kwashe toka
na ga layin ya bi ta titin da na yi wayo,
ya bar ni nan, ya bar ɗiyata Hannelore can,
ita da jaririnta mai tari.
Ba wanda ya tambaye ni. Wa ke tambayar ciyawa
in za a ja igiyar awo?

Gaisuwa ta gajarce.
Kifin ya daina zuwa.
Ana murmushi, ta ciki na ciki.

Tafinta, Liesbeth Marquardt,
takan fito baranda ta jingina da bango,
sigari na rawa tsakanin yatsunta.
Ta ce, “Ottokar, kwana uku ke nan kan kalma ɗaya.
Wannan ya jefo dutse, in naɗe shi da auduga
kafin in miƙa wa wancan.
Audugar ta kusa ƙare mini.”

Na ƙara gawayi. Abin da na iya ke nan.
Zauren ya yi zafi har tagogi na gumi,
amma kowa na zaune da kwat ɗinsa a jiki.

Maƙiyi ɗaya ne ya ɗaure su kamar tsintsiya.
Da aka binne shi, maɗaurin ya bi shi kabari.

Wata Laraba da yamma
na ji ƙarar kujera a kan katako.
Tverdov ya miƙe, ya tattara takardunsa.
A bakin ƙofa ya ɗan tsaya,
kamar mai laluben wani abu a aljihu,
Brandvold kuwa ya kafe ido kan taswira.
Sai takun takalma a matakala,
ɗaya, ɗaya, har ya ɓace.

Yanzu an rufe hanya, an rufe layin dogo.
Gawayi ta sama yake zuwa mana,
jirage na ruri dare da rana,
irin rurin da dā yake kora mu cikin rami.
Matata har yanzu takan sunkuyar da kai.

An ce in ci gaba da hura murhun,
wai ko za a dawo.
Nakan jera kujeru huɗu, in share ƙura.
A kan taga akwai gwangwanin gahawa, ba a buɗe ba,
da sunan Tverdov a jiki, rubutun hannun Brandvold.
Wata takwas ke nan.
Na san abin da zai saya wa Hannelore a kasuwar bayan fage.
Kullum nakan ɗaga shi,
in goge ƙarƙashinsa,
in mayar.