Tasa Mai Huda

Ƙauyenmu Ait Uzru a manne yake
kamar gidan zanzaro a jikin bango,
dutse a bisa, kwazazzabo a ƙasa.
Hanya guda ce, siririya kamar igiya,
in alfadarai biyu suka yi kiciɓis
sai ɗaya ya ja da baya
kafin ɗayan ya sami wucewa.

Rana ba ta leƙo mu sai da hantsi,
la'asar sakaliya ta naɗe tabarmarta.
Dusar ƙanƙara ce rumbunmu na fari:
in ta yi nauyi a ƙoƙuwar Atlas
mata kan yi guɗa tun ba a yi shuka ba,
sun san bana akwai ruwa.

Gona a nan gina ta ake yi.
Kakanni suka jera dutse kan dutse,
suka ɗauko ƙasa a kwando
daga bakin rafi, a gadon baya.
Gonar Itto tabarma uku ce da rabi,
sha'ir a sama, masara a tsakiya,
albasa da dankali can gindi,
da itacen lauz guda na gado,
gabas nata, yamma na yayarta Tuda,
har rassa an san na kowa.

Kakana Bassu ke rabon ruwa.
Ba agogo, ba takarda,
tasa ce ta jan ƙarfe mai huda a gindi.
Ya ɗora ta bisa ruwan bokiti,
ta sha, ta sha, ta nutse,
ya ƙulla ɗaya a jikin zare.
Tara ga gidan Yidir,
huɗu ga Hadda mai takaba,
ya ƙwala kira daga kan fa,
a toshe nan da laka, a ɓalle can.
Yakan ce tasa ba ta da ɗan'uwa.

Shekarar da ƙaninsa ya zo roƙon ƙari,
sha'irinsa ya soma ƙonewa tsaye,
Bassu bai ce uffan ba.
Da dare ya yanke biyu daga rabonsa.
Gurasarmu ta yi shara-shara har bazara,
kakata ba ta bar mitar ba
har ranar mutuwa.

Can bisa tsauni rumbun gari yake,
ɗaki sittin, ƙofa ɗaya.
An gina shi zamanin mahara,
ya ga fara, ya ga shekarun yunwa,
ya ga ranar da Faransawa suka zo
suka sa mu fasa dutse ba lada.
Daga baya wani ya zo da hatimi,
ya duba haƙora, ya matsa damtse,
ya buga tambari a ƙirjin samari,
aka kwashe su haƙar kwal a hayin teku.
Babana ya dawo da rediyo da akwati
da tarin da bai san warkewa.

Daren da ƙasa ta girgiza
rumbun ya tsage kamar ƙwarya.
Mun binne sha ɗaya kafin azahar.
Idon ruwa ya ƙafe kwana shida,
a na bakwai ya ɓullo ƙasan gonar Itto,
sai aka sake lissafi tun daga farawa.

Yau tasar tana hannuna.
Yara na dariya, suna nuna min waya,
wai ita ma ta iya ƙirga lokaci.
Hudar ma ta faɗaɗa da shekaru,
tana nutsewa da wuri, duk mun sani,
amma da wuri take nutse wa kowa.

Sanyi na cizon yatsuna.
Jikan Hadda na tsaye da fartanya,
ya ci uku, saura ɗaya,
idonsa a kaina, nawa a kan tasa,
tana sha, tana sha,
ba ta kai ga nutsewa.